Yadda Gidan Gadonmu na Cikin Birnin Katsina Ya Koma Shaguna

Ni haifaffen cikin birnin Katsina ne, a wata unguwa da ke cikin ganuwa, wadda idan mutum ya hau soron gidanmu yakan hango hasumiyar Gobarau. An haife ni a 1974, sana'ata ɗinki, kuma yau ina zaune da iyalina a bayan titin zobe, a unguwar da ko tsayayyen suna ba ta gama samu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake yawan ji a bakin mutane masu hankali, waɗanda ba na zarginsu da mugunta, cewa tsohuwar unguwarmu ta gyaru tun da aka rushe gidajen ƙasa aka yi benaye da shaguna, wai Kauraye, wato 'yan daban Katsina, sun watse, an samu lafiya. Ina so in faɗi inda mutanen da ke cikin waɗancan gidaje suka tafi da inda Kaurayen suka koma, domin ina cikin waɗanda suka tashi, kuma ɗaya daga cikin yaran da ake magana a kansu ƙanena ne, ubanmu ɗaya.

Kakanmu ne ya gina gidan da tubali da azara a zamanin Sarki Dikko, aka yi ta ƙara masa ɗakuna har ya zama sassa huɗu, da rijiya a tsakar gida da zaure babba a ƙofa. Lungun da ke kai mutum gidan ya yi ƙunci har idan aka yi rasuwa sai an karkata makara a kwana kafin a fita da ita. Ba zan ce zaman daɗi zalla muka yi ba, domin kwata tana bin tsakiyar lungu, sauro ba ya ɗaga ƙafa, kuma duk damina sai an kwana ana tsoron katangar da ta sha ruwa. Amma akwai abin da unguwar take da shi wanda ba a sayensa da kuɗi, wato ido. A kowane zaure akwai dattijo yana sana'a tun hantsi har magariba: mahaifinmu yana aikin babbar riga da allura, maƙwabcinmu baduku ne, can gaba kuma malamin allo da almajiransa. Baƙo ba ya ratsa lungun ba a tambaye shi gidan wa yake nema ba, yaro kuma ba ya yin ashar a bakin titi labarin bai riga shi isa gida ba, kuma wanda ya kai labarin ya riga ya zane shi kafin ubansa ya ƙara masa.

A watan Satumba na 1987 aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, garinmu ya zama babban birnin jiha, kuma daga nan ne ƙasa ta fara daraja. Ma'aikata suka dawo daga Kaduna, aka yanka filaye, gari ya tsallake ganuwa ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da sauran ƙofofi. Abin da mutane ke mantawa shi ne, waɗanda suka fara barin unguwarmu ba talakawa ba ne. Duk ɗan unguwar da ya yi boko ya samu muƙami, ko kasuwa ta karɓe shi, sai ya sayi fuloti a inda mota za ta iya shiga har ƙofar gida, ya kwashe iyalinsa, ya zuba 'yan haya a sashensa. Ba laifi suka yi ba, kowa yana son sarari. Sai dai su ne masu iya sama wa yaro aiki, su ne masu biya wa marayan unguwa kuɗin makaranta, su ne kuma waɗanda idan suka yi magana a ofis ake saurara. Da suka tafi, dattawan zaure kuma mutuwa ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da magada a sana'ar ba, tunda keken ɗinki da takalman kanti sun kashe kasuwar aikin hannu, sai zauruka suka zama wurin ajiye babur.

Cikin wannan giɓi Kauranci ya yi ƙarfi. Tun muna yara akwai 'yan farauta da 'yan tauri, ana kuma yin faɗan unguwa da unguwa, amma abin yana da lokaci kuma yana da manya masu tsawatarwa. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 sai yaran suka samu iyayen gida, domin duk ɗan takarar da ke son taronsa ya cika, ko na abokin hamayyarsa ya watse, ya san lungun da zai aika da kuɗi. Zaɓe yana wucewa a manta da su, su kuwa adda da gora da wuƙa suna nan a hannunsu, ga kuma shaye-shayen da aka koya musu. Daga wiwi da sholisho aka koma ƙwaya da maganin tari mai kodin, wanda sai a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi, lokacin da ya riga ya shiga har ɗakunan matan aure. Daga baya kuma wayar hannu ta zama abin da kowa ke yawo da shi a aljihu, mai sauƙin fizga da sauƙin sayarwa, sai ƙwacen waya ya zama sana'ar da ba ta jiran lokacin zaɓe.

Ƙanen nawa ɗan amaryar mahaifinmu ne, wadda muke kira Iya. Ya gama sakandare bai samu ci gaba ba, na zaunar da shi a shagona yana koyon sa maɓalli da guga, amma abin da zan ba shi a mako yakan same shi a yini ɗaya idan aka fita gangami. Wata ranar hawan Sallah da daddare abokansa suka shigo da shi a kafaɗa, an sare shi a damtse da bayan kai, suka ajiye shi a kan tabarmar zaure suka gudu, domin sun san kai shi asibiti zai jawo tambaya. Iya ta fito ba mayafi, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure damtsen, jini yana bin yatsunta, tana ta kiran sunansa, shi kuwa idonsa a juye, warin abin da ya sha ya cika zauren. Mahaifinmu bai ce uffan ba, ya riƙe mana fitila har muka samu mai babur. Washegari ya sa babbar riga ya tafi wurin mai unguwa, na bi shi a baya, ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, yaron nan ya fi ƙarfina, na kawo maka shi." Mai unguwa ya daɗe da kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Malam, ai duk sun fi ƙarfinmu. Wanda muka miƙa da safe, kafin la'asar an buga waya an sako shi, ya zo ya wuce ta ƙofar gidana yana kallona."

Daga wannan lokaci sunan unguwarmu ya ɓaci. Mai babur ba ya yarda ya shigo bayan isha'i, wanda ya zo neman aure gidanmu sai danginsa sun yi ta ja da baya, kuma idan aka zo kame ba a tsayawa tantancewa, duk saurayin da aka tarar a bakin lungu sai ya hau mota, iyaye su bi da abin da ya sawwaƙa. Mafi yawan samarin unguwar ba su taɓa riƙe makami ba. Masu faci ne da 'yan tireda da ɗalibai da leburori. Amma tsirarun nan sun isa su shafa wa kowa baƙin jini, kuma baƙin jinin yana da masu cin ribarsa, kamar yadda muka gani da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a 2016.

Ya bar mata biyu, da 'ya'ya maza bakwai da mata tara. Bisa rabon shari'a matan biyu suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, su raba tsakaninsu, abin da ya rage kuma a kasa shi kashi 23, namiji ya ɗauki biyu mace ta ɗauki ɗaya. Gidan ƙasa mai ƙofa ɗaya da rijiya ɗaya ba ya yankuwa haka. A zamanin da kakanmu ya rasu, mahaifinmu ya fanshi rabon 'yan'uwansa a hankali da kuɗin allura, domin a lokacin gida a cikin birni bai wuce ƙarfin mai sana'a ba. A namu zamanin kuwa an yi wa gidan kuɗin da ko mu bakwai ɗin mun haɗa abin da muka mallaka ba za mu iya biyan 'yan'uwanmu mata haƙƙinsu ba, su kuma suna gidajen mazajensu da nasu buƙatun, kuma haƙƙinsu ne da Allah ya ba su, ba wanda ya isa ya ce su yafe. Wannan shi ne ainihin abin da ke tayar da gidajen cikin birni, fiye da kowace katafila: ƙasa ta yi tsadar da magada ba za su iya riƙe ta ba, kason kowa kuma bai kai ya sake sayen ko ɗaki ɗaya a unguwar da aka haife shi ba.

Tun kafin a yi sadakar arba'in dillalai suka fara zuwa gaisuwa. Babbansu, wanda ya san mu tun muna yara, ya zauna a zaure ya ce wa yayanmu, "Alhaji, ku dai ku yi wa kanku gata tun ana tayawa. Wa zai zuba kuɗinsa a lungun Kauraye, inda ko mota ba ta shiga?" Daga baya muka ji abin da yake faɗa wa mai saye a can gefe, wato cewa gidaje biyu ne kawai tsakaninmu da titi, kuma sun riga sun faɗa hannu, idan aka haɗa da namu aka rushe za a samu fuska mai ɗaukar jerin shaguna. Sunan Kauraye ya karya mana farashi, kusancin titi ya ɗaga wa mai saye daraja, dillali kuma ya karɓi la'ada ta ɓangare biyu. Ranar da yayanmu ya shiga ya shaida wa mahaifiyata an sallama, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, gidan nan ba ya rabuwa," sai ta ce, "To ni ina za ni da tsufana? Nan aka kawo ni ina yarinya, duk wanda na sani a duniya yana cikin lungun nan." Ba wanda ya iya ba ta amsa.

Wasu maƙwabtanmu na bakin titi ta wata hanyar suka tashi, wato faɗaɗa hanya, inda ake wayar gari a ga jan fenti a bango. Ba ni daga cikin masu zagin aikin titi, domin duk wanda ya san cunkoson Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya kafin gadojin ƙasa da aka buɗe a watan Janairu na 2023 ya san an samu sauƙi, kuma na ga lungunan da magudanar ruwa ta raba su da ambaliya. Sai dai ya kamata a san yadda lissafin diyya yake. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi wuri don amfanin jama'a, abin da ake ƙiyastawa shi ne ginin da ke kai da abin da aka shuka, ba darajar filin a kasuwa ba. Gidan tubali kuwa darajarsa duk tana cikin ƙasar da yake kai, ginin kansa ba ya da wani kuɗi a idon mai ƙiyasi. Ga shi yawancin gidajen gado ba su da takardar mallaka, shaidarsu ita ce mai unguwa da maƙwabta. Ɗan haya kuma, wanda wataƙila ya shekara ashirin a ɗaki ɗaya, ba ya cikin lissafin kowa, nasa shi ne wa'adin kwashe kaya.

Da kasona na sayi rabin fuloti a bayan gari, irin gonakin da masu su ke yankawa da kansu, abin da ake kira awon igiya, inda ba a bar wurin makaranta ko asibiti ko magudana ba, hanya ma sai abin da maƙwabci ya ga dama ya bari. Na yi ɗaki biyu da bulo na rufa kwano, na ɗauko Inna. Sauran 'yan'uwana suka watsu, wani ta hanyar Jibiya, wani ta hanyar Dutsin-ma, wasu kuɗin ya narke a haya da hidimar yau da gobe kafin su sayi komai. A cikin birni ruwa na rijiyar gida ne, a nan kuwa sai an jira 'yan ga-ruwa da kurarsu, kuma farashin jarka yana bin zafin rana. Shagona yana cikin gari inda masu kawo mini ɗinki suke, saboda haka tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa ya zama wani haya na biyu da nake biya kullum. Inna, wadda ta shekara da shekaru tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yara na shigowa saye har tsakar gida, ta daina, domin a nan gidaje a warwatse suke kuma ba wanda ya san ta. Adashinta ya mutu, zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, wanda a da taku kaɗan ne, ya koma tafiyar da sai an yi mata tanadi.

Mun tarar kuma ba mu kaɗai ke tururuwa zuwa bayan gari ba. Mu an turo mu daga ciki, wasu kuma 'yan bindiga sun koro su daga waje, daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da sauran yankunan da ke makwabtaka da dajin Rugu, mata da yara da tsofaffi, wasu a kangaye suke kwana, buhu ne labulensu. Masu ɗan hali daga waɗancan garuruwa su ma sun dawo birni sun kama haya, kuɗin haya ya tashi a kan kowa. Maƙwabcina na dama manomi ne da ya bar gonaki da shanu, yanzu yana tura baro a kasuwa, kuma idan kare ya yi haushi da tsakar dare shi ne farkon wanda ke tashi zaune, domin mu da ke bakin gari mun san babu ganuwa tsakaninmu da daji.

Su kuma yaran da aka ce sun watse, ai tare da iyayensu suka taso. An dai yi irin sharar da ake tura datti bayan ƙyaure ne, tsakar ɗaki ta yi fes. Ƙanena da ire-irensa sun samu abin da ba su da shi a cikin birni, wato kangayen da ba a gama ginawa ba, da duhu, da unguwar da ba wanda ya san uban wani balle ya kai ƙara. A tsohon lungunmu, duk lalacewar yaro yana jin nauyin tsohuwar da ta yi masa wankan jego tare da uwarsa, ba zai tare ta ba. A nan kowa baƙo ne, saboda haka ba wanda ake jin kunya. An tare ɗiyata da rana tsaka tana dawowa daga Islamiyya aka karɓe wayar uwarta da aka aike ta kai caji, kuma da na bi sawu sai na tarar yaran haɗin gambiza ne, wasu 'ya'yan cikin birni irinmu, wasu 'ya'yan 'yan gudun hijira da suka tashi ba makaranta ba gona. Ƙanen nawa dai Allah ya sa ya bari, ba don wa'azinmu ba, sai don wani bakanike ɗan tsohuwar unguwarmu da ya ɗauke shi gareji, ya riƙa zuwa da kansa yana tashinsa da asuba, yana riƙe masa rabin abin da ya samu har ya haɗa kayan aiki. Hannun da aka sara har yau ba ya miƙewa sosai, kuma daga cikin abokan da suka ajiye shi a zaure a daren nan, wani ya rasu a faɗa, wani yana gidan yari, wani kuma ƙwaya ta taɓa masa hankali yana yawo a bakin kasuwa.

Nakan bi ta tsohuwar unguwar idan zan je sayen zare. Inda gidanmu yake yanzu bene ne, ƙasa shagunan waya da atamfa da kantin magani, sama ofisoshi, an cike rijiyar an shafe ta da siminti. Gidajen da attajirai suka saya don zama kuwa an yi musu doguwar katanga da waya mai ƙaya da get na ƙarfe da maigadi, ba zaure ko ɗaya, mai gida yana shiga da mota yana fita da mota, liman ma bai san fuskarsa ba sai a Juma'a. Da rana wurin ya yi kyau, wannan gaskiya ne. Amma da an rufe shaguna bayan isha'i titin yakan zama kufai, domin shago ba ya leƙo taga idan ya ji ihu, kuma 'yan gidajen ƙasa da suka rage a bayan benayen sun shaida mini cewa ƙwace bai ragu a lungunansu ba, duhun ma ƙaruwa ya yi tunda dogayen gine-gine sun rufe su. Su ma jira suke mai gidan ya kwanta dama a zo a yi musu lissafin kashi-kashi.

A inda muke yanzu mun fara haɗa kanmu bayan sallar asuba a masallacin da muka gina da karo-karo. Kowane gida yana ba da abin da aka yanka a wata ana biyan 'yan sintiri, mun rubuta sunan kowane magidanci da garin da ya fito, mun kuma nemi masu kangaye su toshe ƙofofinsu ko su sa wani ya zauna a ciki. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 ƙarfinta yana can yankunan da 'yan bindiga suka addaba, don haka tsaron lungunmu a wuyanmu yake. Babban abin da ke gabanmu shi ne takarda, domin mafi yawanmu abin da muke riƙe da shi bai wuce yarjejeniyar ciniki mai sa hannun shaidu ba. A bana an fara raɗe-raɗin za a fitar da titi ta gabas da mu, kuma tuni masu manyan motoci suka fara tsayawa suna tambayar yara ko akwai gidan sayarwa. Gidaje biyu a layinmu sun riga sun sallama, kuma ɗaya daga cikin masu su ya ce mini ya samu fili mai sauƙi a wani ƙauye da ke gaba da mu, can zai koma da iyalinsa bayan Sallah.